Mai Gida da Baƙo a Faifai Ɗaya

Duk rukunin makaɗan goge huɗu da ya shiga ɗakin naɗar sauti a yau, magabata ne ke tarbarsa a bakin ƙofa. Haidin ya bar wa irin wannan rukuni kiɗa kusan 70, Betoben ya bar 16, Shostakobic ya bar 15, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ba a naɗa a faifai ba sau da yawa, wasu tun zamanin garmaho. Saboda haka wanda ya ce zai sake naɗar Betoben, tambayar da ke jiransa ita ce: me za ka ƙara a kan abin da aka riga aka yi? Wanda kuma ya ce sabon kiɗa zalla zai fitar, tasa tambayar ita ce: wa zai saurara? Mafitar da yawancinsu suka samu ita ce su haɗa tsoho da sabo a faifai ɗaya.

Sau tari haɗin dabara ce kawai, irin ta uwar da ke cusa ƙwayar magani cikin lomar tuwo. A ɗauko sabon kiɗa na minti 10, a sa shi tsakanin sanannu biyu, mai sauraro ya haɗiye bai ankara ba. Ba a cuci kowa ba, amma ba a ƙaru da komai ba. Mu a ganinmu faifai gida ne. Duk wanda ya haɗa tsoho da sabo, ko ya sani ko bai sani ba, ya naɗa ɗayansu mai gida, ya mai da ɗayan baƙo. Mai gida shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke zaɓen zancen da za a yi. Ma'aunin da za mu ɗora faifai a kai shi ne: in an tashi daga zaman, baƙon ya canza wani abu a gidan, ko kuwa ya sha ruwa ne kawai ya kama hanyarsa?

Faifai uku za mu auna da wannan ma'auni: Prism II na rukunin Danish String Quartet, wanda ya fito a 2019, Black Angels na rukunin Kronos, na 1990, da Healing Modes na rukunin Brooklyn Rider, na 2020. Na farkon ne za mu fi daɗewa a kansa, domin shi ne ya fi gamsar da mu.

Mutum huɗu, tsirkiya 16

Ga wanda bai saba da wannan kiɗa ba, rukunin ya ƙunshi bayolin biyu, da biyola ɗaya wadda ta ɗan fi su girma da kaurin murya, da celo wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Dukkansu dangin goge ne, da baka mai izga ake goga tsirkiyarsu, sai dai kowannensu tsirkiya huɗu gare shi. Babu ganga, babu mawaƙi, babu madugun da ke tsaye yana ba da umarni. Da ido da numfashi mutum huɗun ke jan ragamar junansu. A Ostiriya ne Haidin ya daidaita wannan tsari, musamman da kiɗe-kiɗe shida da ya rubuta a 1781, inda kowace murya ta samu damar faɗin nata maimakon uku su yi ta yi wa ɗaya amshi. Kiɗa guda yakan kasu babi-babi, galibi huɗu, ya ɗauki daga minti 20 zuwa 45.

Abu biyu suka sa haɗin tsoho da sabo ya fi dacewa da wannan rukuni fiye da babbar ƙungiyar makaɗa. Na farko, kayan kiɗan ba su sauya adadi ba. Babbar ƙungiya ta zamanin Mozat da ta ƙarni na 20 sun sha bamban a yawan mutane da irin kayan busa, amma goge huɗun nan su ne dai tun fiye da shekara 250. Kiɗan 1825 da na 1983 daga katako ɗaya da hannu ɗaya za su fito, don haka duk bambancin da kunne ya ji na tunani ne. Na biyu, da yake babu kalmomi, mai tsara kiɗan da ke son ambaton wani magabaci ba shi da hanya sai ya ari karin sautinsa ya saka a nasa. Masu rubuta wa wannan rukuni sun daɗe suna yi wa juna irin wannan kira, daga ƙarni zuwa ƙarni. Aikin mai shirya faifai shi ne ya nemo inda kiran yake da gaske.

Prism II: jerin da ya saɓa wa shekaru

Tsakanin 2018 da 2023 rukunin Danish String Quartet, mutum uku 'yan Denmak da mai celo ɗan Norwe, ya fitar da faifai biyar a kamfanin ECM na birnin Munik. Sunan jerin, Prism, daga gilashin nan ne mai kusurwa uku wanda haske ke shiga fari ya fito launi-launi kamar bakan gizo. Kowane faifai ya ƙunshi kiɗan Bak, da ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗe biyar na ƙarshen rayuwar Betoben, da kiɗan wani da ya zo bayansa. Bak ne hasken, Betoben gilashin, na bayan kuma launukan.

Na biyu a jerin ya buɗe da wata fuga ta Bak. Fuga salo ne da murya ɗaya ke farawa da gajeren kari, ta biyu ta shigo da shi alhali ta farko ba ta tsaya ba, sai ta uku, sai ta huɗu, kowa na bin sawun kowa. Wannan da suka zaɓa ita ce ta 24, wato ta ƙarshe, a kundi na farko na fugogin da Bak ya kammala a 1722 domin kayan kiɗa masu madannai. Wani mai tsara kiɗa na birnin Biyenna, Emanuel Aloys Förster, wanda ya yi zamani da Betoben, shi ya mai da ita ta goge huɗu. Zaɓin ba na kara-zube ba ne. Betoben tun yana yaro a birnin Bon yake kaɗa wannan kundi a gaban malaminsa. Kuma karin wannan fuga yana da wani hali: yana taka dukkan sautuka 12 da ke cikin ma'aunin kiɗan Turai, kuma yawancin tafiyarsa bibbiyu ce, sauti da maƙwabcinsa na kusa, na sama ya zame kan na ƙasa kamar ajiyar zuciya. Wannan tazara, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a kan fiyano, mu kira ta rabin taki. Ku riƙe ta, domin ita ce zaren da aka ɗinke faifan da shi.

Makaɗan sun kaɗa Bak a sanyaye, ba tare da yawan karkaɗa yatsa a kan tsirkiya ba, kowace murya a fili. Wani zai ce sun yi masa rowar ado. Mu kuwa muna ganin share kunne suke yi, don abin da ke tafe.

Da a ce shekaru aka bi, Betoben ne zai biyo baya. Sai suka tsallake shi, suka sauka a birnin Mosko na 1983, a kan kiɗa na 3 na Alfred Shinitke, wanda za ku ga an rubuta sunansa Schnittke a jikin faifan. An haife shi a 1934 a garin Engels na bakin kogin Bolga, iyayensa masu tushen Jamus, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Biyenna, ya ci abinci da yi wa finafinan Tarayyar Sobiyet fiye da 60 kiɗa, ya rasu a Hambog a 1998. Mutum ne da bai taɓa zama ɗan gida sosai a ko'ina ba, kuma haka kiɗansa yake: salon ƙarni daban-daban yake tarawa a ɗaki ɗaya ya bar su su yi ta gogayya.

Kiɗan nasa da aro uku yake buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya faɗi komai nasa. Na farko ɗan guntun rufewa ne daga wata waƙar coci ta Orlando di Lasso, wanda ya rasu a 1594. Na biyu karin Babbar Fuga ta Betoben. Na uku sautuka huɗun da Shostakobic ya mai da su sa hannunsa, domin a tsarin Jamusawa na sanya wa sautuka haruffa suna ba da farkon sunansa. Shostakobic ya rasu shekara 8 kafin nan. To, karin Betoben rabin taki ne bibbiyu da dogon tsalle a tsakaninsu. Sa hannun Shostakobic ma rabin taki biyu ne. Kunnen da ya fito daga fugar Bak yanzu-yanzu zai gane kamannin dangi nan take, ko da mai shi bai taɓa karanta kiɗa a takarda ba.

Daga nan Shinitke ya shiga sarrafa arannin nan. A babi na biyu abin ya zama kamar rawa da ke ƙara sauri har ƙafafu suka sarƙe. A na uku komai ya yi nauyi, bakuna na danne tsirkiya. Can da can sai guntun Lasso ya sake leƙowa da tsarkinsa, amma kowane dawowa sai ka ji ya ƙara nisa, kamar wanda ke tuna addu'ar da kakarsa ta koya masa yana neman kalmomin suna kuɓuce masa. Ƙarshen ma ba rufewa ba ce, dushewa ce.

Sai Betoben ya shigo da kiɗansa na 13, mai lamba 130 a jerin ayyukansa. Yana cikin ukun da wani basarake ɗan Rasha, Nikolai Galitzin, ya nema a wurinsa a 1822, kuma ya kammala shi a 1825, lokacin da kurumta ta gama rufe masa kunne. Babi shida gare shi maimakon huɗu. An fara kaɗa shi a Biyenna ranar 21 ga Maris 1826. Masu sauraro sun nemi a maimaita musu gajerun babi biyu masu daɗin kunne, amma na ƙarshe, wato Babbar Fuga mai kimanin minti 15, ta ɗaure musu kai. Mai buga ayyukansa, Matthias Artaria, ya lallashe shi ya cire ta. Betoben ya yarda, ya rubuta wani babin rufewa mai sauƙi a ƙarshen 1826, wanda shi ne cikakken abu na ƙarshe da ya gama kafin rasuwarsa a Maris 1827. Fugar kuwa aka buga ta daban da lamba 133.

Tun daga lokacin duk rukunin da zai kaɗa wannan kiɗa sai ya zaɓi ƙarshen da zai yi amfani da shi. 'Yan Denmak sun mai da fugar mazauninta na asali, kuma a wannan faifai ba su da wani zaɓi, don in babu ita kiran Shinitke ba shi da mai amsawa.

A nan ne jerin ya biya kuɗin sabulunsa. Mun riga mun ji karin fugar a bakin Shinitke, a raunane, tsakanin wasu muryoyi biyu. Bayan kusan minti 50 sai ga shi goge huɗun sun kwaɗa shi gaba ɗaya da murya ɗaya, da ƙarfin gaske. Abin da kunne ke ji shi ne Betoben ne ke aro daga Shinitke. Tarihi ya ce ba haka ba ne, amma kunne ba ya bin kalanda, abin da ya fara ji shi ne asali a wurinsa. Da wannan dabara kaɗai suka cire wa fugar rigar girmamawa da shekara kusan 200 suka sa mata. Muka ji ta yadda 'yan Biyenna suka ji ta: tsalle-tsalle marasa tausayi, muryoyi huɗu na turereniya, kowa na neman numfashi.

Hatta babin da ke gabanta sun canza fuska. Na huɗu rawar Jamusawa ce mai sauƙi, wadda a wani faifan za ka ji ta kamar hutu. Bayan Shinitke kuwa, wanda ya koya mana zargin duk wani zaƙi, sai ka ji ta kamar murmushin wanda ke ɓoye wani abu. Na biyar, mai suna Kabatina, shi ne babin da aka sa cikin faifan zinariya da kumbunan Voyager suka tafi da shi sararin samaniya a 1977. A tsakiyarsa akwai wurin da Betoben ya rubuta wata kalmar Jamusanci mai nufin ƙuncin ƙirji, inda bayolin na farko ke fitar da sauti a gutsure, yana saɓa wa bugun sauran ukun, kamar mai magana kuka na sarƙe shi. Mai bayolin na wannan faifai bai yi wa wurin kwalliya ba, ya bar shi da rauninsa. Nan ma kunne ya tuna da guntun Lasso da ke dushewa.

Wannan shi ne baƙon da ya canza gida. Shinitke ya shigo a matsayin jika, ya fita ya bar kakan ya zama baƙon ido a cikin gidansa.

Inda Prism ya gaza

Duk da haka akwai abin cewa game da jerin baki ɗaya. Ga waɗanda aka haɗa da Betoben: Shostakobic da kiɗansa na 15 na 1974, mai babi shida duk masu tafiyar hawainiya; Shinitke na 1983; Bartók da kiɗansa na farko na 1909; Mendelssohn da abin da ya rubuta a 1827 yana ɗan shekara 18; sai Webern na 1905. Babu mai rai ko ɗaya a cikinsu lokacin da aka naɗi faifan, babu mace ko ɗaya, kuma mafi sabunta ya girmi faifansa da shekara 36. Mendelssohn ma a shekarar rasuwar Betoben ya yi nasa, don haka kiransa na zamani sai da rufe ido. Sharaɗin shiga gidan shi ne ka yi kama da mai gida. Irin wannan silsila tana da daɗin bi, amma tana koya wa mai sauraro cewa darajar sabon kiɗa tana ga wanda ya haife shi. Wanda bai fito daga zuriyar Bak da Betoben ba fa, a ina zai zauna?

Akwai kuma batun naɗin sautin. Kamfanin ECM, wanda Manfred Eicher ya kafa a 1969, ya yi suna da sauti mai faɗi da amsa-kuwwa, kamar ana kiɗa a babban zaure. Wannan ya yi wa Bak kyau ƙwarai. Amma a wuraren da Shinitke da Babbar Fuga ke son ka ji ƙaiƙayin izga a kan tsirkiya, zauren yana ɗan shafa musu mai. Mun so a ce an matso da na'urar kusa.

Adalci ne mu ce rukunin bai tsaya nan ba. Daga baya sun yi wani shiri mai suna Doppelgänger, inda suka haɗa manyan kiɗe-kiɗen Shubat da sababbin da suka nema daga masu rai, ciki har da Lotta Wennäkoski da Anna Thorvaldsdottir da Thomas Adès.

Black Angels: sabo ne mai gida

Shekara 29 kafin Prism II, rukunin Kronos na Amurka ya juya tsarin. David Harrington ya kafa rukunin a 1973 bayan ya ji kiɗan George Crumb mai suna Black Angels a rediyo. Crumb ya sa wa takardar kiɗan kwanan wata na Juma'a 13 ga Maris 1970, tare da nuna cewa a lokacin yaƙi aka rubuta shi, kuma yaƙin Biyetnam ne ke ci a lokacin. An jona gogunan da na'urar ƙara sauti. Makaɗan na goga bakunansu a bakin kofunan gilashi masu ruwa, suna buga faranti na tagulla, suna ƙirga lambobi da babbar murya a harsuna daban-daban, ciki har da Jamusanci da Japananci da Suwahili. Buɗewarsa ƙara ce mai tsaga kunne, kamar taron ƙwari na ƙarfe.

Da wannan faifan na 1990 ya fara. Abin da ya biyo baya shi ne waƙar coci ta Thomas Tallis na Ingila, ta wajajen 1570, wadda aka rubuta wa muryoyi 40. Mutum huɗu suka kaɗa ta ta hanyar naɗa sauti a kan sauti har layukan suka cika. Sai kiɗan István Márta, wanda ya ginu a kan muryoyin wasu mata biyu da aka naɗa a wani ƙauyen Romaniya. Sai tsohon naɗin Charles Ives yana rera waƙar yaƙi da kansa a kan fiyano, rukunin na raka shi. Sai kiɗa na 8 na Shostakobic, wanda ya rubuta cikin kwana 3 a Yulin 1960 kusa da birnin Dresden, ya sadaukar ga waɗanda mulkin fasist da yaƙi suka hallaka.

Faifai ne mai girgiza mutum, kuma shigowar Tallis ba ta zo kwatsam ba, domin Crumb da kansa ya share mata hanya: a tsakiyar kiɗansa ya ari kari daga Shubat, ya sa a kaɗa shi da wani irin riƙon baka da ke ba da siririyar murya irin ta gogunan dā. Amma mu duba abin da aka yi wa baƙon. Tallis ya rubuta addu'a ce mai kalmomi, ga ƙungiyoyi 8 masu mutum biyar-biyar, sautin na yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan. A nan an cire kalmomin, an cire mutanen, an bar laushin. Aikinsa a faifan shi ne ya zama ruwan sanyi bayan zafin Crumb. Ya yi aikin, amma ba a tambaye shi ra'ayinsa ba. Kuskuren da ake yi wa sabon kiɗa a wasu faifan, na mai da shi ɗan rakiya, shi aka yi wa tsoho a nan. Abin da ya haɗa kiɗe-kiɗen biyar jigo ne, wato yaƙi da makoki, kuma jigo igiya ce da ke ɗaure kaya ta waje. A Prism II zaren ta cikin ƙyallen ya bi.

Healing Modes: an rushe bango

Rukunin Brooklyn Rider na birnin Niyok ya ɗauki hanya ta uku, wadda ta fi haɗari. Sun ɗauko kiɗa na 15 na Betoben, mai lamba 132. A bazarar Turai ta 1825 Betoben ya yi ciwon ciki mai tsanani, da ya samu sauƙi sai ya rubuta babi na uku a matsayin waƙar godiya ga Ubangiji daga wanda ya warke, a wani tsohon ma'aunin sauti na coci. Rukunin ya nemi mutum biyar masu rai su rubuta sabon kiɗa a kan warkewa: Caroline Shaw, Gabriela Lena Frank, Du Yun, Matana Roberts da Reena Esmail. Maimakon su jera sababbin a gefe ɗaya, tsohon a gefe ɗaya, sai suka warware babin Betoben suka saka sababbin a tsakaninsu. Faifan ya fito a Maris 2020, daidai lokacin da annobar korona ke rufe duniya.

Abin yabo a nan babba ne. Baƙin masu rai ne, kuma sun yi musu. Betoben ciwon jikin mutum ɗaya ya yi magana a kai. Kiɗan Roberts ya kai zancen kan iyakar Amurka da Meziko, na Shaw ya kai shi ga 'yan gudun hijira a tsibiran Girka. Wato sun ce wa mai gida: ka warke, madalla, amma ga waɗanda ba su warke ba. Prism bai taɓa barin wani ya yi wa Betoben irin wannan magana ba.

Sai dai an biya farashi. Betoben ya auna abin da zai biyo bayan wane. Alal misali, waƙar godiyar nan takan kai minti 15 ko fiye tana tafiya a hankali, da ta ƙare sai ya jefo wani ɗan gajeren maci mai karsashi, kamar mara lafiyar ya sauko daga gado ya leƙa titi. Kiɗan da aka gina da irin wannan lissafi ba ya son a raba babinsa, domin kowane babi da na kusa da shi yake samun ma'ana. Wanda ya san kiɗan tun da zai iya ɗinke shi a ransa. Wanda wannan ne jinsa na farko, guntaye zai tafi da su. Ga kuma wani abu: duk da musun da baƙin suka yi, Betoben ne ya zaɓi zancen. An gayyace su ne su yi magana a kan abin da ya dame shi.

Abin da muka fito da shi

Duk wanda ya taɓa shirya kundin gajerun labarai ya san cewa labarin da ka sa a gaba yana rina wanda ke biye da shi. Haka faifai yake. Daga ukun nan mun ga cewa haɗin tsoho da sabo yana tsayawa ne a kan duwatsu uku kamar murhu. Dangantakar ta kasance a cikin sautin kansa, yadda kunne zai kama ta ba sai an karanta bayanin bayan faifai ba. Jerin ya zama yana da hujja, ko da ya saɓa wa shekaru. Sannan a bar kowane kiɗa ya tsaya cikakke, da damar ya ƙi yarda da maƙwabcinsa. Black Angels ya samu jeri, ya tauye tsoho. Healing Modes ya samu musu, ya yanka tsoho. Prism II ya samu duka ukun, ko da yake baƙon da ya gayyata ya riga ya kwanta dama.

Abin da ke cikin wannan lamari ya wuce gwanintar shirya faifai. Ana yawan ɗauka cewa sabon kiɗa ne ke cin arzikin tsoho, yana raɓe da sunan Betoben don a saurare shi. Prism II ya nuna cewa bashin ta ɗaya gefen ya fi nauyi. Kiɗan da aka ji sau dubu yakan zama kamar hoton da ke rataye a falo, kowa na wucewa ba mai kallo. Shinitke ne ya sa muka sake jin tsoron Babbar Fuga. In makaɗa suka daina neman masu rai da za su yi wa magabata irin wannan aiki, magabatan ne za su fara yin shiru.

Saura magana ɗaya, ga mu masu saurare a waya. Duk wannan gini a kan jeri yake, kuma manhajojin kiɗa suna da maɓallin da ke cakuɗa jeri. A Nuwamban 2021 sai da mawaƙiyar Ingila Adele ta nemi Spotify ya daina sa cakuɗawa ta zama ita ce zaɓin farko a shafin faifai, kamfanin kuma ya amsa. In mai waƙoƙin minti huɗu-huɗu ta damu da wannan, ina ga faifan da amsar tambayarsa ke zuwa bayan minti 50? In za ku nemi Prism II, ku kashe maɓallin nan, ku sa abin kunne, ku ba shi sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba tare da tsallake ba. Ku lura da sautuka biyun nan maƙwabta da ke zamewa a farkon Bak, ku bi su har inda za su kai ku.